Malam Ya Yi Tafiya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na jera sunaye uku kafin in dace da wanda nake kira, amma bai kwashe mini ranar da Malam Bashir ya shigo asibitinmu yana roƙon a yarda ba shi da lafiya ba. Tunda kun matsa, ku masu koyon aikin jinya, in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin da na yi, wannan zan ba ku. Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba zan zauna ina magana da tsakiyar kawunanku ba.

Shekara biyu ke nan kafin a sami 'yancin kai. Ina ƙaramar nas a lokacin, kuma mu mata 'yan ƙasa da ke aikin jinya a garin Bauchi ba mu da yawa. Tsarin aikin ba kamar naku ba ne. Sama da kowa akwai likita, Bature ne dogo wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, shi ya sa muke ce masa Likita Dogo. Daga shi sai Sista, ita ma Baturiya, sai mu nas-nas, sai diresoshi masu wanke ciwo da ɗaure shi, sannan leburori. Hausar Likita Dogo ba ta wuce gaisuwa da "ina ke ciwo" ba, saboda haka ni ke tsayawa kusa da shi da safe in yi tafinta idan yana ganin marasa lafiya.

Akwai wata doka da ya kamata ku sani kafin labarin ya yi muku daɗi. Duk ma'aikacin da ya yi fashin aiki ya ce rashin lafiya ce, sai ya kai takardar likita wurin aikinsa. Likita kuma ba ya sa hannu sai a kan abin da ya gani da idonsa. Dokar tana da dalilinta, don akwai masu tafiya gona ko biki su dawo suna dafe kai. Ni ban taɓa ganin laifinta ba.

Malam Bashir malamin elementare ne, lissafi yake koyarwa. Ɗan Ƙofar Ran ne, fari siriri, bai fi shekara talatin ba. Kakanninsa Larabawan Turabulus ne da suka zo da ayarin raƙuma tun da can, suka zauna, suka zama 'yan gari, kuma har lokacin gidansu gidan fatauci ne. Na riga na san fuskarsa, don ba zuwansa na fari ba ne. Kullum haka zai zo a kan kekensa, tsaf da shi, ya ce ya yi zazzabi. A sa masa ma'aunin zafi a baki, lafiya lau. A ɗiga jininsa a gilashi a duba ƙwayar zazzabin sauro, babu. Sai a ba shi kwinin ko ƙwayar nan mai rawaya, ya koma ba takarda.

Ni dai tun farko zuciyata ba ta ba ni ƙarya yake yi ba. Mutumin nan ya sha ƙwayar nan har fatarsa ta koma ɗorawa, kwinin kuma ya sa in ka yi masa magana sai ya karkato kunne. Mai ƙaryar ciwo karɓar magani yake yi ya zubar a kwata, ba ya shanye shi.

Ranar da nake ba ku labari bai nemi magani ba. Ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe, ya ce da ni, "Nas Dije, ki gaya wa Likita hedimasta ya ba ni gargaɗi na ƙarshe. In na sāke yin fashi kafin hutu ba takarda, za a sallame ni, kuma dalilin da za a kai wa Baturen makaranta shi ne ƙaryar ciwo. Ki gaya masa ba aikin kaɗai nake ji ba. In ciwo ya raba ni da aiki, ƙaddara ce, na karɓa. Amma ina koyar da 'ya'yan mutane a ce ni maƙaryaci ne, da wane ido zan bi ta Ƙofar Ran?"

Na juya wa Likita maganar yadda ya faɗe ta. Likita Dogo ya ajiye alƙalaminsa, ya ce Malam ya ba shi labarin ciwon tun daga farko. Malam Bashir ya ce tun yana ƙarami yake yi. Ba ya sallama, sai dai kawai ya ji jiki ya mutu, sai zafi, sai ciki ya ɗaure har ba ya iya miƙewa. Wani lokaci ƙirji ne, numfashi ma sai da dabara, wani lokaci gwiwa ko idon sawu. Zai yi kwana biyu ko uku, sai ya tafi kamar yadda ya zo, ko an sha magani ko ba a sha ba. Daga nan sai ya bar shi wata guda, ko fiye, ko ƙasa.

Likita ya ce me ya hana shi zuwa lokacin da yake kwance. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a fitar da mu." Likita ya ce ko akwai wani a danginsu mai irin wannan. Malam ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, "Allah ne masani."

Bayan ya fita, Likita ya ce mini lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a Masar, kuma ya ga wani ciwo a can mai kama da wannan, wanda ke bin jini a cikin dangi. Ya ce yana zargin shi ne, amma ba zai sa hannu a kan labari ba. Abin da ya ce mini ke nan a ƙarshe: "Ki kawo mini shi da zafinsa." Na ce to. Wallahi na faɗi "to" ɗin nan ban san ta inda zan fara ba.

Na bi Malam waje, na same shi a gindin maɗaci yana kwance wa kekensa sarƙa. Na ce, "Malam, Likita ba ya nan yanzu, ni da kai ne. Me ya sa hedimasta ya kafe a kan ƙarya kake yi? Na san mutumin, ba mugu ba ne."

Ya yi wata irin dariya marar daɗi. Ya ce sau biyu hedimasta yana aikawa gida a duba shi, kuma duk biyun abin da aka gaya wa ɗan aike a ƙofa shi ne, "Malam ya yi tafiya." To gidan fatake ne. Hedimasta ya haɗa wannan da wancan, ya yanke cewa Jos ko Kano Malam ke zuwa saro kaya, ya dawo ya ce zazzabi. Ku ma in ku ne haka za ku ɗauka.

Na ce, "Wa ke cewa ka yi tafiya kana kwance a ɗaki?"

Ya ce, "Haka muka taso muka tarar. A gidanmu in ciwon nan ya ka da mutum, ba a cewa ba shi da lafiya. Ana rufe masa ƙofa a ce ya yi tafiya. Mahaifina haka aka yi masa har ya rasu. Mutanen gari sun ɗauka ba wanda ya kai shi yawon fatauci, alhali rabin tafiye-tafiyen nan a kan gadonsa ya yi su."

Daga nan bakinsa ya buɗe, ya gaya mini abin da bai gaya wa Likita ba. Ya ce bai taɓa ce wa mutum "zan zo" ba sai gabansa ya faɗi. An so ya riƙa jan salla a masallacin unguwa, ya ƙi, aka ce girman kai. Abokansa sun daina gayyatarsa rakiyar ango. Ranar sunan 'yarsa ta fari yana ɗaki yana cizon matashin kai, yana jin maroƙi a ƙofar gida, mutane kuma suna cewa wane irin uba ne zai yi tafiya ranar sunan 'yarsa. Ya ce, "Nas, ciwon kwana uku yake yi ya tafi. Abin da mutane suka ɗauke ni shi ne ba ya tafiya."

Abin ya taɓa ni ƙwarai, amma ba a kuka a bakin aiki. Na ce in ya tashi ya aiko mini. Ya ce ba hali, mahaifiyarsa Inna Zuhura ce ke riƙe da gidan, kuma ba za ta bari kowa ya fita da wannan saƙo ba. Sai ya dubi kekensa ya ce, "Ta ƙofarmu kike bi da safe, ai na sani. Ni kullum nakan riga ki fita. Duk ranar da kika ga keken nan a zaure, ina ciki."

Haka na koma mai leƙen zauren mutane. Kowace safiya in na zo wucewa sai in rage tafiya in karkata wuya, har wata mai ƙosai da ke zama a wurin ta fara yi mini wani irin kallo. Ke mai dariya can baya, ba abin da kike zato ba ne, a lokacin da aurena.

Hutu ya matso, na fara cewa ko Allah ya sa zangon zai ƙare lafiya. Sai wata safiya cikin damina na leƙa, ga keke a jingine.

Na yi sallama na shiga. Matarsa Halima ta tare ni a tsakar gida, idanunta sun yi ja. 'Yar ƙanin mahaifinsa ce, a gidan ta girma. Muka gaisa, na ce wurin Malam na zo. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam ya yi tafiya."

Na ce, "Ikon Allah. Da ƙafa ya tafi ya bar keke?"

Sai na ji murya daga rumfa: "Wace ce wannan mai bakin?"

Inna Zuhura ce. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune a kan buzu da carbi, amma in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ni Dije ce daga asibiti. Ta ce ta san ni, ta san uwata, kuma ba wanda ya kira asibiti a gidan nan. Kafin in amsa sai nishi ya fito daga ɗakin da ke bayanta, irin nishin da mutum ke yi bayan ya yi iya ƙoƙarinsa ya danne. Ban nemi izini ba, na ɗaga labule na shiga.

Na ga marasa lafiya da yawa kafin ranar, amma sai da na ja baya. Mutumin da nake gani tsaf a kan keke shi ne a ƙudundune, gwiwa a ƙirji, gumi ya jiƙa shimfiɗa. Na taɓa goshinsa, zafi rau. Na ɗora hannu a cikinsa, ya yi tauri kamar katako, ya riƙe mini hannu yana girgiza kai. Ya ce, "Kin gani, Nas?" Na ce na gani.

Na fito na sāke durƙusawa gaban Inna. Na ce a ba ni shi in kai shi asibiti yanzu, da zafinsa, don Likita ya gani.

Ta ce, "Ba a ɗaukar namijin gidan nan a bi da shi titi kamar gawa. Jibi zai tashi ya je da ƙafarsa."

Na ce, "Inna, jibi ba abin da Likita zai gani."

Ta ce, "To, ai lafiya ta samu ke nan."

Sai ta yi mini bayani, kuma gaskiya ba maganar banza ta yi ba. Ta ce akwai 'yan mata a gidan, akwai masu tasowa. Ranar da gari ya ji kalmar "ciwon gado," ba wanda zai sāke aiko da goro ƙofar nan, ba kuma wanda zai ba samarin gidan mata. Ta ce surukarta ce ta ɗora ta a kan wannan, ita ma ta riƙe shi shekara da shekaru ba wanda ya ji. "Malamin naku," in ji ta, "ba shi ne farau ba." Haka take ce masa, Malamin naku, don ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

Ni kuma kun san bakina, tun ina yarinya haka yake. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, ni 'yarki ce. Kin rufa wa ciwo asiri, amma shi kin bar shi a waje. Sau biyu hedimasta ya aiko aka ce ya yi tafiya. Yanzu za a kore shi daga aiki, kuma ba za a ce don ciwo ba, za a ce don ƙarya. Takardar za ta je har wurin Baturen makaranta. 'Yan matan da kike tsarewa za su tashi a gidan da aka ce malaminsa maƙaryaci ne. Ki zaɓa musu wanda ya fi sauƙi."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta juya ta dubi Halima ta ce, "Gaskiya ne?" Halima ta fashe da kuka. Ashe Malam bai taɓa gaya wa uwarsa ba, kunya ta hana shi ya ce mata al'adar gidanta ce ke neman cinye shi.

Tsohuwar nan ta ajiye carbin a kan buzu. Can ta ce, "Ba za a bi da shi titi ba. In Baturen naku yana son gani, ya zo zaure."

Da gudu-gudu na isa asibiti, zanena duk taɓo. Sista ta tare ni da faɗan makara, na ce ta yi haƙuri ta ajiye mini faɗan zan dawo in karɓa. Likita Dogo na jin "Malam Bashir" ya ɗauki jakarsa. A hanya na ce masa ya ajiye motar nesa da gidan don kada a tara jama'a. Tabɗi! Ashe Bature mai wannan tsawo yana tafiya a ƙasa cikin lungun Ƙofar Ran ya fi mota tara mutane. Kafin mu kai, mai ƙosai ma ta bar kaskonta.

'Yan'uwansa maza suka tallabo Malam zuwa zaure, aka kwantar da shi a tabarma kusa da kekensa. Likita ya durƙusa ya auna zafi, ya nuna mini ma'aunin. Ya taɓa ciki, ya saurari ƙirji, na ɗebi jini. Sannan ya ce in sāke tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi.

Ban kai ga buɗe baki ba aka amsa daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Inna ce. Ta ce mijinta yana da shi, ƙanwar mijinta tana da shi, kakansu da ya zo daga Turabulus ma an ce haka yake. Ta ce ita da mijinta 'ya'yan wa da ƙani ne, don gidan ba sa aure a waje sai ƙalilan. Ta ce mijin nata a ƙarshe jikinsa kumbura ya yi kafin ya rasu. Tana faɗa ina juyawa, kuma na san kowace kalma sai da ta ciro ta da ƙarfi, don mutanen unguwa na tsaye a ƙofa suna ji.

Da ta gama sai ta ce, "A kira mini shugaban makarantar."

Aka je aka zo da hedimasta, da alli a hannun rigarsa. Ya shigo zaure ya ga Malam a kwance, ya tsaya cak. Ya yi salati. Ya juya wajen asabari ya gaida Inna, ya ce, "Inna, wallahi sau biyu na aiko, aka ce mini ya yi tafiya."

Ta ce, "Ni na ce a faɗa. Ƙaryar tawa ce, ka rubuta ta a kaina. Bashir bai taɓa yi maka ƙarya ba."

Likita ya dube ni yana jiran fassara, bai san abin da ya faru ba. Amma duk Bahaushen da ke wurin ya sani. Mace ta kama sunan ɗan farinta a gaban maza, a gaban baƙo. Malam Bashir da ke fama da numfashi ya juyar da fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa. Sai a sannan na tuna na yi wa Likita Turanci.

Likita ya ce yana son ya tafi da shi asibiti, don cikin da ya yi tauri haka yana kama da afendis, kuma in afendis ne jira kashe mutum yake yi. Inna ta ce tunda gari ya riga ya gani, a kawo motar. A asibiti Sista ta so a shirya ɗakin tiyata. Likita ya ce a dakata, a sa ido sosai, kada a ba shi kwinin, ruwa kawai da maganin rage raɗaɗi. Ni aka ba jinyarsa. Jini ya fito ba ƙwayar sauro. Bayan kwana biyu zafin ya sauka da kansa, ciki ya saki, Malam ya tashi zaune ya ce a samo masa kunu.

Likita Dogo ya zauna a bakin gadon ya gaya masa gaskiya ta bakina. Ya ce ciwon gado ne, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma laifin kowa ba ne. Ya ce har yanzu ba a san maganin da ke raba mutum da shi ba. Abin da za a iya shi ne ya daina shan kwinin a banza, ya zo duk lokacin da ya tashi a duba shi kada wata rana wani ciwon ya ɓuya a bayansa, a kuma riƙa auna fitsarinsa saboda ƙoda.

Na ɗauka zai karaya da ya ji ba magani. Ina! Murmushi ya yi. Ya ce, "Nas, tambaye shi, likitoci sun san da shi? An rubuta shi a littafi?" Likita ya ce an rubuta. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya karɓi takardarsa ya riƙe ta da hannu biyu.

Ba a kore shi ba. Hedimasta da kansa ya tsara cewa duk ranar da Malam ya kwanta, wani malami zai haɗa ajinsa da nasa, in ya tashi ya rama masa. Ciwon bai ragu ba ko kaɗan, kada ku ce na ce muku mun warkar da shi. Amma fatarsa ta koma daidai, kunnensa ya buɗe, ya yi ƙiba. Ya karɓi limancin masallacin unguwa, da na'ibi a bayansa. In ya kwanta, mutane su shigo dubiya da fura da lemo, abin da gidan bai taɓa gani ba. Maganar aure kuwa, ba zan ɓoye muku ba, akwai gida ɗaya da suka janye neman da suke yi. Inna ta ji zafin wannan, kuma ta daɗe ba ta sakar mini fuska ba. Sauran 'yan matan duk sun yi aure.

Ranar 'yancin kai ina bakin aiki, don an ce za a yi cunkoso, a zauna da shiri. Gari ya cika maƙil, ko'ina kiɗa, 'yan makaranta sun yi layi da 'yan tutocinsu kore da fari. Malam Bashir ne ya koya wa 'yan makarantarsu maci, shi ya kamata ya ja su zuwa fili. Da hantsi ina tsaye a baranda sai na hango mutum yana ratso taro a ƙasa, da fararen kayansa na biki, ɗauke da yarinya a kafaɗa. Da ya matso na ga shi ne. Yarinyar Ummi ce, 'yarsa ta fari, wadda aka yi sunanta yana kulle a ɗaki. Ta ƙudundune a jikinsa, gwiwa a ƙirji.

A bayansa kuma, cikin mayafi, tana dogara sanda, Inna Zuhura ce. Matar da ba a taɓa gani a titi da rana ba ta ratso garin Bauchi a ranar da kowa ke waje.

Na sauko na karɓi yarinyar, jikinta zafi rau. Malam ya ce da safen nan ya fara mata, ya bar wa hedimasta macin. Inna ta iso tana haki, ta kama hannuna ta ce, "Dije, ga ta nan da zafinta. A hanya duk wanda ya tambaye ni na ce masa ba ta da lafiya."

Ummi ta rayu, ta yi karatu, kuma tana budurwa aka samo ƙwayar da ke hana ciwon yawan tashi. Mahaifinta ma ya same ta, ko da yake a makare. Likita Dogo ya koma ƙasarsu ba da daɗewa ba bayan 'yancin kai, bai ga wannan ba.

Na yi aikin nan har na yi ritaya, na karɓi haihuwa ba adadi, na tsaya a tiyata iri-iri. Amma in aka ce in nuna aikin da nake alfahari da shi, wannan ne, kuma ko allura ban yi a cikinsa ba. Abin da na koya shi ne mu a asibiti awa guda muke gani daga rayuwar mutum, sau da yawa ma awar da ya fi ƙarfi, don sai da ya iya tashi ya zo. Sauran tana gida, a bayan labule, kuma mutanenmu sun iya rufe labule. Ba don mugunta suke yi ba, wani abu suke tsarewa, kuma sai kin san abin da suke tsarewa za su buɗe miki. Saboda haka in mutum ya zo muku tsaf da shi ya ce jiya ya kusa mutuwa, kada ku dubi ma'auni ku ce masa lafiyarsa lau. Ku tambaye shi wa ya gan shi jiyan.

Har Inna Zuhura ta rasu, ba a sāke ce wa kowa "ya yi tafiya" a gidan nan ba sai in da gaske ya hau mota.